Ago Rejeb da Ruwan Matattu

A shekarar da ruwa ya daina hawa unguwar Ƙetare, ago Rejeb, yadda muke kiran dattawa a wajenmu, ya riga ya haura saba'in, kuma shi ke riƙe da makullin ruwan ƙauyenmu tun ɗana Nejmi yana ɗan makaranta. Makullin sandar ƙarfe ce doguwa mai baki a ƙasa, da ita ake buɗe ruwa a rufe a ramukan da ke gefen hanya. Ya fi amfani da ita wajen dogarawa. Kafin ka gan shi za ka ji shi, ƙarfe na bugun dutse, sai tari, sai ƙarfe kuma.

Tarin daga ramin haƙar dalma ya ɗauko shi. Shi da mijina Sabri, Allah ya jiƙansa, tare suka shiga ramin suna samari, mota ɗaya ke kwasar su ta dawo da su baƙi ƙirin. Sabri ya fito da ciwon baya, Rejeb ya fito da ƙura a huhu. Matarsa ta rasu da daɗewa, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Yana zaune shi kaɗai a gidan mahaifinsa da jaki ɗaya da 'yan kaji, yana dafa wakensa da kansa. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ko a kan jakin.

Lokacin da tsohuwar gwamnati ta rushe, gonar haɗin gwiwa ta watse, ba wanda ya ƙara zuwa daga birni ya duba mana ruwa. Sai maza suka taru a harabar masallaci suka raba dutsen gida-gida, kowane gida ya haƙa rabonsa na rami daga idon ruwa har cikin gari. Ni ma na kwashi ƙasa da kwando. Da aka gama aka miƙa wa Rejeb makulli, don ba shi da 'ya'ya ba shi da surukai, ba wanda za a ce ya fifita. Albashi babu. In kaka ta yi kowane gida ya aika masa da abin da ya sawwaƙa, dankali ko cuku ko itacen hunturu. Duk watan Mayu maza kan hau su share idon ruwa, su kwashe ganye da laka, a yanka rago a ci a can. Daga baya mazan suka tafi aikin gini Sifen da Jamus, ya zama tsofaffi uku ke hawa, wata shekarar ma shi kaɗai da jakinsa.

Ruwan namu daga ido yake biyo hanyar dutse ya faɗa tanki a saman gari. Daga tanki ya ratsa unguwarmu, ya gangara gada, sannan ya sake hawa zuwa Ƙetare. Wannan hawan na ƙarshe sai tanki ya cika yake yiwuwa. In ya yi ƙasa, mu muna da ruwa, su babu.

Ga kuma inda Rejeb ya yi kuskure, shi da bakinsa ya faɗa, ba ni na ɗora masa ba.

A wajenmu in mutum ya rasu, wanda ke da hali cikin 'ya'yansa yakan gina masa ceshma a bakin hanya. Bango ne na dutse da bakin ƙarfe da ruwa ke zubowa, da kwami a ƙasa don dabbobi, da kofi ɗaure da sarƙa, da sunan mamacin a rubuce. Wanda ya sha ya yi masa addu'a ya wuce. Ba a sa mata kan famfo. Muddin ruwan na gudu lada na gudu zuwa kabari, haka muka taso muka ji, haka na yarda. A da mutum yakan shiga daji ya nemi idon ruwan da ba na kowa ba, wani ya shekara yana nema, ya haƙa da hannunsa. To 'ya'yanmu na waje hutun wata ɗaya suke zuwa, ina lokacin yawon daji? Sai su je wajen Rejeb, ƙasar kabari ba ta gama bushewa a takalminsu ba, su ce, "Ago, ɗan reshe kawai daga babban bututu." Shi kuwa ba ya iya kallon idon maraya ya ce a'a. Kowace ya haɗa sai ya ce wannan ce ta ƙarshe. Har suka kai bakwai, jere a hanyar dutse, duk a sama da tanki, suna zuba dare da rana.

Ta mijina tana cikinsu, kuma ta fi kowace kyau. Nejmi ya sa farin marmara, ya yi mata rumfa da benci. Duk Alhamis nakan hau da tsumma in goge ta, in zauna in yi Fatiha. In na ji ƙarar ruwan nan sai in ji kamar Sabri ya samu sauƙin bayansa. Ba zan ɓoye wannan ba.

A shekarar da nake magana dusar ƙanƙara ba ta yi kirki ba, kuma tun watan Yuni sama ta ɗauke. Da Agusta ya kama motoci suka fara shigowa da lambobin ƙasashen waje, gidajen da suka shekara a rufe suka cika da jikoki, kowa na wanki, kowa na wanka, wasu har wanke mota. Famfunan Ƙetare suka yi tari irin na Rejeb suka yi shiru.

Gidaje kaɗan ne a can, yawanci tsofaffi. Wadda abin ya fi ci ita ce Yaya Nefize. Mijinta Isen ya daɗe kwance, rabin jikinsa ya mutu, a shimfiɗa yake komai, ita ke wanke shi da zannuwansa sau da yawa a yini. Rejeb ya koma ɗora wa jaki jarkoki, ya hau dutse ya cika a ceshmomin, ya sauko ya tsallaka gada ya hau Ƙetare, yana tsayawa kowane lungu ya yi tari. In ya sauke jarka a ƙofar gida sai ya faɗi ta wane ce, don a yi wa mai ita addu'a.

Wata safiya suka haɗu da Nefize a ƙofar gidana, ina share waje. Ta zo sayen sabulu.

"Kai Rejeb, mai makullin da ba ya buɗe komai," ta ce. "Jarka biyu? Da su zan wanke tsohon nan, ko da su zan dafa, ko in yi alwala?"

"Zan ƙaro da la'asar, Yaya."

"Ka ƙaro? Dubi yadda kake numfashi kamar tsohon tarakta. In ka faɗi a gada wa zai ɗauke ka, jakin?" Sai ta juyo wajena. "Kadriye, ina kwana? Ya mijinki? Ina fata yana shan ruwa lafiya. Nawa dai yana can yana wari."

Na ci gaba da shara. Ta sassauta murya ta gaya mana abin da ya fi ci mata rai. 'Yarta da mijinta Fikri, direban babbar mota, sun zo hutu daga birni sun ga halin da ake ciki. Fikri ya rantse in ruwa bai dawo ba kafin hutunsa ya ƙare, zai saka su a mota ya kai su gidansa na bene.

"Hawa na shida," ta ce. "Isen da bai taɓa kwana a wani gida ba sai asibiti. Ya ce mini da ido, tunda bakin ba ya fita, in aka ɗaga shi daga ɗakin nan gawa za a sauke. Rejeb, ka yi wani abu."

Ranar Juma'a da aka sauko, maza suka tsaya a harabar masallaci. Mu mata muna bayan katanga muna wanke tukwanen walima, komai muna ji. Na ji ƙarfen ya bugi dutse, sannan muryarsa.

"Jama'a, idon ruwa ya ja baya sosai. Ɗan abin da ke fitowa ceshma bakwai ke shanyewa kafin ya iso tanki. Ina roƙon a bar ni in sa musu kan famfo zuwa saukar ruwan sama. Mai ƙishi ya murɗa ya sha ya rufe."

Muryar da ta fara fitowa ta ɗana ce, shi ma ya zo hutu daga Sifen.

"Kan famfo? A ceshmar babana? Banɗaki ka ɗauke ta, ago?"

Wasu suka yi dariya.

"Wa ya haɗa reshen?" Nejmi ya ci gaba. "Ba kai ba ne da hannunka? Ba ka sha kofi a wajen ranar buɗewa ba?"

"Ni ne. Da na sani a lokacin na ce a'a. Kuskurena ne."

"To kuskurenka babana ne zai biya a kabari?"

Sai Fikri ya shigo, murya kamar hon ɗin motarsa. "Babanka ya sha ya ƙoshi, Nejmi! Ruwansa a kwazazzabo yake ƙarewa, kwaɗi ke yi masa addu'a. Zo ka shiga ɗakin surukina ka shaƙi iska, in ka iya tsayawa."

"Kai wa ya sa da kai? 'Yar gari ka aura, ba garin ba."

Hojanmu, wato limamin garin, yaro ne, bai daɗe da dawowa daga karatu ba. Ya ce a yi haƙuri, ya ce ladan yana ga ƙishin da aka kashe, ba ga ruwan da ya zube a ƙasa ba. Wani tsoho ya ce wannan shi ne bara ya so a daina taron addu'ar arba'in, yau kuma ya zo kan ruwa, jibi sai kaburbura. Hayaniya ta kaure, kowa da mamacinsa a baki. A cikin hayaniyar na ji Nejmi ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Mutumin da ba shi da wanda zai gina masa ko kwamin kaji, dole ruwan matattu ya tsone masa ido."

Matar da ke kusa da ni ta dube ni ta sunkuyar da kai. Na ci gaba da goge tukunyar da ta riga ta fita. Tari mai tsawo ya kama Rejeb, da ya lafa muka ji ƙarfen yana nisa. Aka watse ba a yanke komai ba.

Da yamma na ce da Nejmi maganar da ya yi ba ta dace ba, Rejeb shi ya ɗauko babansa a baya ranar da rami ya rufta musu. Ya ce, "Inna, shekara biyu ina kan bene a rana don marmaran nan. Abin da na iya yi wa Baba ke nan, ban zo jana'izarsa ba. Kada ki sa baki." Na ga idonsa ya yi ja, sai na bar shi.

Washegari da hantsi ina rumfar gidanmu ina shirya ganyen taba a zare, sai ga Rejeb. Nejmi ba ya gida. Rejeb ya tsaya a bakin rumfa bai shigo ba.

"Sabritsa," ya ce, da yake da sunan miji yake kiran matan abokansa, irin na mutanen da. "Ba zan daɗe ba. In ɗaya ta yarda, sauran za su ji kunya. Ta Sabri ta fi kowace jan ruwa, bakinta ya fi faɗi."

"Ago, yaron ne ya gina."

"Na sani."

"In aka rufe," na ce, "shi Sabri fa? In gaskiya ne abin da iyayenmu suka ce?"

Ya daɗe yana kallon ganyen da ke rataye. "Wallahi ban sani ba," ya ce. "Ni ba malami ba ne. Isen dai na san halin da yake ciki, jiya na taya ta juya shi."

Na kawo masa kindirmo ya sha rabi, ya yi godiya ya tafi. Bai matsa mini ba, kuma hakan ya fi yi mini nauyi. Na yi sallolin ranar ina roƙon Allah ya saukar da ruwan sama ya raba ni da zaɓi. Sama ta wayi gari fes, ko gajimare babu.

Ranar Litinin, rana ta take, waya ta yi ƙara. Nefize ce, tana haki.

"Kadriye, riƙe ɗanki! Wannan mahaukacin surukin nawa ya ɗauki zarton ƙarfe, shi da maza biyu, sun hau dutse. Ya ce da ta Sabri zai fara."

Ban ajiye wayar ba na ji ƙofar mota ta bugu a tsakar gida. Wani ya riga ya gaya wa Nejmi. Na fito da gudu ba ko takalmin kirki, na buɗe baya na shiga. Ya ce in fita, na yi kamar ban ji ba. A kujerar gaba na ga ƙarfen kwance taya. Duk hanyar nan mai kwana-kwana ina ta salati a zuci.

Da muka iso, abin da na fara lura da shi shi ne shiru. Ban taɓa zuwa wurin nan ban ji ƙarar ruwa ba.

Jakin Rejeb na tsaye a inuwa da jarkoki. Fikri na bayan bango a durƙushe, ya tone ƙasa ya fito da reshen bututun, zarto a hannu, mutanensa biyu na tsaye kansa. Shi kuwa Rejeb yana zaune a gefen kwami, ya danne bakin ceshmar da tafin hannunsa. Ruwa na tsartuwa ta tsakanin yatsunsa yana jiƙa masa hannun riga.

Nejmi ya fito da ƙarfen. Fikri ya miƙe da zarto.

"Taɓa shi ka gani," in ji Nejmi. "Wallahi sai dai a kai ɗayanmu asibiti."

"Zo mana, ɗan Sifen. Ka ɗauka marmara na tsorata ni?"

"Fikri," Rejeb ya ce, bai ɗaga murya ba, sai da suka yi shiru suka ji shi. "Na gaya maka, in ka yanke nan iska da laka za su shiga babban bututu. Surukarka ba za ta ga ruwa ba har hunturu. Ajiye." Ya juyo. "Nejmi, ɗan abokina. Ban sa kan famfo ba. Ban yanke ba. Hannuna ne kawai. In kana so a cire, zo ka cire da kanka."

"Ago, kada ka sa ni yin abin da ba na so."

"Ba na sa ka komai. Ina zaune ne."

Nejmi ya taka har gabansa, ƙarfen na hannun dama. Ya kama wuyan hannun tsohon da hagu. Na ga ya ɗan ja, na ga hannun bai motsa ba, na kuma ga fuskar ɗana ta sauya. Daga baya na taɓa hannun nan na gane dalili. Ruwan dutsenmu ko a Agusta yana sa haƙori ciwo, hannun ya yi sanyi kamar na gawa, faratan sun yi shuɗi.

"Tun yaushe kake nan?" Nejmi ya tambaya.

"Tun da na hango su suna hawowa."

"Har yaushe kuma?"

"Har a yi ruwan sama."

Ɗaya daga mutanen Fikri ya yi dariya ba da niyya ba. "Ago, ceshma bakwai ce, hannunka biyu."

"Abin da nake ta tunani ke nan tun ɗazu," in ji Rejeb. "Ƙafa ba ta kaiwa."

Ba wanda ya ajiye abin da ke hannunsa. Rana na dukan marmara tana dawo mana a ido. Gumi na zuba daga haɓar Fikri. Rejeb ya dube shi ya ce, "Kai, ka haƙa rami a rana, zo ka sha." Fikri ya ce ba ya sha. "Zo ka sha ka yi wa Sabri addu'a, shi ya yi wa matarka huɗuba a kunne ranar da aka haife ta." Ya ɗaga hannu, ruwa ya ɓalle da ƙarfi. A wajenmu ba a ƙin ruwan mamaci. Fikri ya matso yana harare-harare, ya sa zarton a hammata, ya cika kofi ya shanye, ya ce Allah ya jiƙansa kamar ana cire masa haƙori. Rejeb ya mayar da hannu.

Sai tarin ya zo. Na sha jin tarinsa, ban taɓa jin irin wannan ba. Ya dunƙule, goshinsa ya kusa taɓa gwiwa, amma hannun na nan a bakin ƙarfe. Ruwan ya samu hanya ya feshe masa ƙirji, rigar ta manne da haƙarƙarinsa. Da ya ɗago leɓensa ya canza launi. Nejmi ya ce, "Ago, don Allah tashi," muryarsa ta koma ta yaro. Rejeb ya girgiza kai, ba ya iya magana.

Na ga mutumin nan zai mutu a ceshmar mijina, a gaban ɗana, kuma sunan Sabri na rubuce a saman kansa.

Ɗaya daga jarkokin da ke kan jakin murfinta ya ɓata, an toshe ta da totuwar masara naɗe da tsumma, yadda duk muke yi. Ban yi wani tunani mai tsawo ba. Na je na zare ta na dawo.

"Ago, ɗaga."

"Inna!" in ji Nejmi. "Me za ki yi?"

"Mijina ne kafin ya zama babanka," na ce. Ban taɓa yi masa magana haka a gaban mutane ba.

Sai da na ɓamɓare yatsun Rejeb ɗaya-ɗaya, sun sandare. Na yi bisimilla na cusa totuwar, na murɗa ta da ƙarfina. Ta zauna. Amma totuwa ba ta toshe abu ruf. Ta gefenta wani siririn ruwa kamar zare ya ci gaba da sauka cikin kwami, yana ɗan sauti. Muka tsaya duk muna kallonsa.

"Bai tsaya ba," na ce da Nejmi, da kaina kuma. "Ga shi yana gudu."

Ya koma mota ya jefa ƙarfen ciki ya zauna ya rufe ƙofa. Fikri ya mayar da ƙasar da ya tone da gefen takalminsa, yana gunaguni. Na cire gyalen kafaɗata na naɗe hannun Rejeb. Da numfashinsa ya dawo, abin da ya fara cewa shi ne, "Kin bar mini jarka a buɗe, Sabritsa."

Labari ya riga mu sauka. Kafin la'asar Rufiye, wadda ceshmar ɗanta ce ta sama da tamu, ta hau da totuwa a aljihun zanenta, ba ta shawarci kowa ba. Washegari wasu biyu suka bi. Abin da gwauruwa ko uwar mamaci ta saka da hannunta ba namijin da zai cire, ko ba ya so. Gidaje uku suka ƙi, suka ce ko za a mutu ba za a taɓa nasu ba, har ɗaya ya sa ƙaninsa gadi.

Huɗu cikin bakwai, ba wanda ya san ko zai isa. Rejeb ya kwana biyu da zazzaɓi, ya tashi ya ƙi zuwa asibiti. Kullum sai ya hau tanki ya zura sanda ya duba inda ta jiƙe. Yana ƙaruwa, amma kamar ba ya so. Ya bi unguwarmu gida-gida yana roƙon a bar wanke mota da ban ruwan tumatir da rana, wasu suka ji, wasu suka rufe ƙofa. Fikri kuwa ya fara ɗaure kayan tsofaffin a kwali. Nefize ta gaya mini duk abin da ya ɗaure da safe sai ta kwance da rana. Ya nemo motar asibiti da za ta zo ɗaukar Isen ranar Asabar.

Ranar Juma'a da hantsi Rejeb ya rufe ruwan unguwarmu gaba ɗaya da makullinsa, bai nemi izinin kowa ba, abin da bai taɓa yi ba tun da aka ba shi. Mata suka fito ƙofa suna zage-zage, wata da kumfa a kai. Ya wuce su ya gangara gada, ya buɗe ramin da ke can ya saki iskar da ta taru a bututu. Na bi shi daga nesa. Bututun ya yi ta huci yana tofar da laka. Ya rufe, ya sa kunnensa a kan makullin kamar mai sauraron ciki, ya daɗe a haka. Sannan ya fara hawa Ƙetare, taku kaɗan ya tsaya, taku kaɗan ya tsaya.

Ban kai ga tsallaka gada ba na ji muryar Nefize daga can sama, duk kwarin na amsawa.

"Rejeb! Kai Rejeb! Wannan jan abin ne ruwan? Kofi na ce ka kawo mini?"

Ruwan ya zo ja, ya zo siriri, amma ya zo, kuma kafin azahar ya washe. Ta wanke Isen tun daga kai har ƙafa, ta shanya zannuwa a kan shinge har ba wurin shanya. Fikri ya tsaya kan famfon ya buɗe ya rufe ya buɗe, sannan ya buga waya ya ce motar asibiti ta bari tukuna. Ya ce tukuna, bai ce an fasa ba. Daga ranar Rejeb ya raba yini biyu, safe namu, yamma nasu, kuma har Agusta ya ƙare wasu a unguwarmu ba sa amsa sallamarsa.

Nejmi bai ƙara yi mini maganar ba, bai kuma je wajen Rejeb ba. Ranar da zai koma ya sumbaci hannuna a ƙofa, ya ce in riƙa shan maganina. Hanyar fita gari ta gaban ceshmar take bi, ni kuma ina da 'yar gonar dankali a sama da ita, sai na riga shi hawa ta gajeriyar hanya. Daga cikin gona na ga motar ta tsaya. Ya fito ya zare totuwar, ruwa ya ɓalle. Ya sha, ya wanke fuska, ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo. Ya tsaya da totuwar a hannu yana kallon kwazazzabo, na ce jefawa zai yi. Sai ya ajiye ta a gefen marmara, ya shiga mota ya tafi, ya bar ruwan na zuba.

Na jira ƙarar motar ta ɓace, na sauko na ɗauka na mayar. Ina cikin murɗawa na ji ƙarfe a kan dutse a bayana.

"A hankali, Sabritsa, kada ki kashe shi gaba ɗaya. Bar wa ƙudan zuma nasu."

Na ɗan sassauta. Ya zauna a benci yana mayar da numfashi, ya tambaye ni ko yaron ya tafi lafiya, na ce ya tafi. Ya gyaɗa kai. Da ya huta ya miƙe ya dubi hanyar sama, inda sauran ukun ke zuba.

"Bari in je in sake gaishe da masu su," ya ce. "Jiya ɗaya ya ba ni kujera kafin ya kore ni."